Hasken da Bai Kai Ƙasa Ba

"Auta, duwatsun nan naku tafiya suke yi."

Baba Tela ne ya faɗi haka, yana kishingiɗe a kujera ta uku a ɗakin wankin ƙoda, bututu biyu sun fito daga hannunsa na hagu sun shige cikin inji. Sau uku yake zuwa a mako, kowane zuwa awa huɗu, kuma kujerarsa tana fuskantar tankin gilashin da aka gina a cikin bango. Ba ya karatu, ba ya son talabijin. Tankin kawai yake kallo, da idon mutumin da ya shekara arba'in yana zura zare a allura.

Auta ta yi murmushi. "Baba, ba duwatsu ba ne, murjani ne, suna da rai. Amma ƙafa kam ba su da ita."

"To wani yana ara musu. Wancan mai kama da ƙaho, ranar Juma'a yana can tsakiya ta hannun dama. Yau Litinin ga shi a sama yana hura hanci. Koren da ke sama kuma ya sauko. Ni ba na gardama da masu ilimi, 'yata, amma idona bai taɓa sa ni na yanka yadi a karkace ba."

Murmushin ya bushe a fuskarta. Ta juya ta ƙura wa tankin ido.

Asibitin na mahaifinsu ne, shekara shida ke nan da rasuwarsa. Shi ya sa aka gina tankin, tsawonsa mita biyu, zurfinsa mita ɗaya da rabi, cike da ruwan gishiri. Cewa yake mutumin da aka ɗaure wa inji na awa huɗu ya cancanci ya kalli abu mai rai. Yanzu Yaya, babban wansu, shi ke riƙe da asibitin. Kawu, ƙanin mahaifiyarsu, shi ke kula da lantarki da famfuna da tankin. Ita kuwa Auta wata uku ke nan da dawowarta daga karatun halittun teku, kuma a wata ukun nan babu wanda ba ta gundura da tambaya ba. Duk abin da ta taɓa, amsa ɗaya ce: ai yana aiki. Ƙofar da sai an ɗaga ta take rufuwa, ai tana aiki. Agogon bango da ke gaba da minti tara, ai yana aiki, kowa ya san ya rage tara. Kalmar nan ta fi zagi ƙona mata rai.

Murjani dabba ce, ko da yake ido yana ganinsa kamar dutse. A cikin namansa akwai 'yan ƙananan tsirrai da ke dafa masa abinci da haske. In haske ya gaza, yunwa ce za ta ci shi a hankali, ba kuka ba motsi. Ruwa kuma haɗiye haske yake yi. Abin da ya shiga da ƙarfi a sama, kafin ya kai ƙasan tanki mai zurfi haka ya zama saura.

A can ƙasa, a tsakiya, akwai wanda suke kira Faranti. Mahaifinsu ne ya saka shi da hannunsa yana kamar farcen babban yatsa, Auta tana riƙe masa tawul. Ya girma ya kai faɗin tire. Da launinsa ruwan lemo ne mai ɗaukar ido. Yanzu ya koma kamar shayin da ya kwana, gefensa na baya ya fara saɓulewa, farin ƙashi yana leƙowa. Duk mako sai ta ga saɓulewar ta ci gaba da faɗin yatsa.

Yaya ya yarda a canja fitilun saman tankin, ba don Faranti ba, don biyu daga cikinsu sun fara ƙyaftawa suna damun majinyata. Kuma irin na da ya ce a kawo, faffaɗa farare, masu haska ɗaki tas. Mai Fitila, ɗan kasuwar da ke kawo musu fitilu, zai kawo samfuri Alhamis ta sama. In Yaya ya gyaɗa kai, an gama magana sai bayan wasu shekaru shida. Faranti ba shi da ko wata shida.

Ta sami Yaya a ofis da rana yana cin abinci a kan takardu.

"Yaya, fitilun nan ba sa kai haske ƙasa. Na gaya maka, zan kuma gaya maka."

"Kin gaya mini, Farfesa. Sau goma sha ɗaya, ina lissafe." Ya goge hannu. "Zo in tambaye ki. Murjani nawa ne a ƙasan tankin can?"

"Tara."

"Nawa ne ba lafiya?"

"Ɗaya."

"To, takwas ɗin tocila suke kunnawa? Shekara shida suna ƙarƙashin fitilun nan, lafiyarsu ƙalau. Faranti tsufa ne ya kama shi. Komai yana tsufa, har ni da kike gani."

Wannan ce hujjar da ta kasa karyawa tun dawowarta. Bisa duk abin da ta karanta, ya kamata a ce takwas ɗin nan sun mutu tun shekarar farko. Amma ga su nan, jajaye da koraye, suna ƙaryata ta a gaban kowa. Sai yau da maganar Baba Tela ta faɗo mata, wani tunani mara daɗi ya shige ta. In ba su ne na asali ba fa? In mutuwa suke yi, wani yana kwashe gawar yana dasa sababbi?

Mabuɗin ɗakin bayan tanki a aljihun Kawu yake kwana. Mai Fitila kuma ba fitila kaɗai yake sayarwa ba, har da kifi da murjani, kuma in ya zo, wurin Kawu yake fara tsayawa su yi ta ƙus-ƙus a bakin janareta. Ta tuna yadda Kawu ke sauya magana duk sanda ta ce za ta shiga ɗakin. Yau ƙasa da santsi, gobe waya a buɗe, jibi ya manta mabuɗin a wata riga.

Ranar Laraba ta tare shi a baranda yana naɗe waya a gwiwar hannu.

"Kawu, murjani yana tafiya?"

Hannunsa ya tsaya, ɗan tsayawa kaɗan, sannan ya ci gaba. "Wa ya gaya miki?"

"Tambaya na yi."

"Ruwa yana turawa. Kifi ma yana turawa. Ke da kika yi karatun ai kin fi ni sani."

"Ruwa yana tura abu daga ƙasa ya hau sama, ya zaunar da shi daidai a kan dutse?"

"Auta, ina da aiki." Ya wuce ta, warin man zafi yana binsa. Ta lura da hagu yake ɗaukar komai yanzu, kafaɗar dama ya saki kamar ba tasa ba.

Ba ta ƙara ce masa komai ba. Kullum da yamma sai ta tsaya a kan tayil ɗaya ta ɗauki hoton tankin. Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar, babu abin da ya gusa. Ashe ranar Lahadi ce, ranar da asibiti ke rufe.

Ƙarfe bakwai na safiyar Lahadi ta shigo ta ƙofar baya. Kujerun wanki a jere babu kowa, an lulluɓe injuna da fararen zannuwa. Ta gilashi ta hango wani dogon ƙarfe yana saukowa cikin ruwa daga sama, ya kama murjani mai kama da yatsu, ya ɗaga shi a hankali. Ta zagaya ta tura ƙofar ɗakin baya.

Ɗaki ne siriri, da ƙyar mutum biyu su gifta. Famfuna suna gurnani, gishiri ya bushe a jikin bututu kamar farar ƙasa. Kawu yana kan tsani daga shi sai singileti, ya riƙe awartaki mai dogon hannu da hannu biyu, haƙoransa a cije. A gindin tsanin akwai bokiti a rufe.

Ba ta gaishe shi ba. Bokitin ta buɗe. Ruwa ne zalla, da soso.

"Ina suke?"

"Su wa?"

"Matattun. Ko sababbin. Duk wanda ka zo da shi."

Sai da Kawu ya zaunar da murjanin a kan wani dutse a tsakiyar zurfin, ya girgiza shi kaɗan ya ga ya zauna. Sannan ya sauko, mataki ɗaya bayan ɗaya, yana numfashi.

"Ashe ɓarawo kika ɗauke ni."

"Ban san abin da zan ɗauke ka ba, Kawu. Ka ƙi gaya mini."

Sai ya miƙa hannu ya buɗe ƙofar kabad ɗin da ake ajiye gishiri. A bayan ƙofar an ja layi uku da alli: sama, tsakiya, ƙasa. A kowane layi akwai sunaye da rubutunsa mai karkata, Ƙaho, Kore, Yatsu, Ƙwaƙwalwa, Mai Gashi, kowanne da kwanan wata a gabansa. Katakon ya yi fari saboda gogewa da sake rubutu.

"Mako biyu a ƙasa," in ji shi. "In ya fara duhu in hau da shi tsakiya ya yi mako guda. Daga nan sama, mako guda, ya ƙoshi. Sai ya sauko wani ya hau. Babu wanda ya mutu a hannuna, sai ɗaya. Duk waɗanda babanku ya bari ne."

Auta ta tsaya tana kallon allin. Ta ƙirga da ka: Lahadi ɗari uku da wani abu. Tsoho a kan tsani, da ƙarfe mai nauyi, yana kai dabbobi kiwon haske ɗaya bayan ɗaya. Ta ji ƙwalla ta taso mata, sai haushi ya riga ta fitowa.

"Wato ka sani. Tun farko ka san hasken ba ya kaiwa."

"Wanda ke sa hannu a ruwan ai dole ya sani. Fitilun babanku masu zafi ne, suna huda ruwa har ƙasa. Da suka ƙone, wanku ya sa aka kawo waɗannan, wai sun fi sanyi sun fi kyau. Wata biyu na ga na ƙasa sun fara sauya launi."

"Ka gaya masa?"

"Na gaya masa. Ya ce, Kawu, dubi yadda ɗaki ya haske, kai da waya aka san ka. A gaban nas-nas ya faɗa." Ya ɗauki tawul ya goge hannu. "Ni kuma ba a faɗa mini magana sau biyu."

"Shi ke nan sai ka zo kana rufa wa fitila asiri! Kawu, ka san da me yake kayar da ni kullum? Da aikinka! Takwas lafiya ƙalau, takwas lafiya ƙalau. Da ka bar biyu sun mutu tun shekarar farko, da an canja fitilun nan tuntuni."

"In bar su su mutu don in ci gardama? Amana babanku ya bar mini, ba gardama ba."

"Faranti fa? Shi ba amana ba ne?"

Nan ne ya sunkuyar da kai. Ya ce shekara biyu da suka wuce Faranti ya kama dutsen ƙasa ya manne. Ya gwada ɗaga shi, wani ɓangare ya ɓalle a bakin awartaki. Tun daga ranar bai sake taɓa shi ba. Yana hawa da sauran, yana wuce shi.

"Ranar Alhamis za ka faɗa wa Yaya."

"Ba zan faɗa ba."

"Kawu!"

"In tsaya gaban ɗan da na goya in ce shekara shida ina yi masa wasa da ido? Ke ki faɗa in kina so. Zai ce kin haɗa baki da tsoho don ki ci gardama."

Ta san gaskiya ya faɗa. Ta kalli kafaɗarsa, ta kalli tsanin. "Wannan kafaɗar Lahadi nawa ta rage mata?"

Ya mayar da ƙofar kabad ɗin ya rufe.

"To ara mini awartakin nan ranar Alhamis. Shi dai ba ya jin kunya."

Mai Fitila ya iso ƙarfe goma, cikin turare da fara'a, yana kiran Yaya ranka ya daɗe, yana kiran Auta Malama. Ya hau tsani ya kashe tsofaffin fitilun, ya ɗora sabuwar a kan tankin ya kunna. Ɗakin wanki ya ɗauki haske fari fat, har wata nas ta ce kai, kamar an wanke ruwan. Yaya ya zagayo ɗakin baya yana murmushi, Kawu ya rakuɓe a jikin kabad.

"Ni ba da baki nake ciniki ba," in ji Mai Fitila. Ya fito da na'urar auna haske, 'yar kwalba a bakin doguwar waya. "Murjani irin naku yana son ɗari da hamsin zuwa sama. Malama, haka ne ko ba haka ba?"

"Haka ne."

Ya naɗe hannun riga ya tsoma kwalbar zuwa gwiwar hannu. "Ɗari biyu da sittin. Ranka ya daɗe, ka gani da idonka."

"Sauka," in ji Auta.

Ya yi dariya ya tsoma har kafaɗa. "Ɗari da saba'in. Har yanzu muna kan hanya."

"Sauka."

"Malama, sai dai in cire kaya in yi nutso. Iyakar hannuna ke nan, kuma a nan kowa yake aunawa."

"Murjanin a hammatarka yake zaune?"

Yaya ya ce, "Auta, ki yi magana da ladabi." Amma ta riga ta karɓi kwalbar. Ta ɗaure ta a bakin awartakin Kawu da roba, ta hau tsanin, ta miƙa wa Yaya na'urar. "Kai ka karanta. Kar a ce ni na gani."

Ta soma saukar da ƙarfen. Yaya yana karantawa, muryarsa tana raguwa tare da lambar. Ɗari da goma. Saba'in. Arba'in da biyar. Da kwalbar ta zauna a gefen Faranti, sai ya ƙura wa lambar ido.

"Nawa?"

"Ashirin da takwas."

Mai Fitila ya ce ruwan ne bai da tsabta. Ya ce wayar ta lanƙwashe. Ya ce wataƙila batir ne. Auta ta ɗago kwalbar zuwa inda hannunsa ya tsaya ɗazu, lamba ta koma ɗari da saba'in cif. Ta sake saukarwa, ashirin da takwas.

"Fitilar nan watsa haske take yi ko'ina," ta ce. "Rabinsa a bango yake ƙarewa. Kuma fari ne, ruwa ya fi saurin cinye shi. Muna son mai tattara haske wuri guda ta harba shi ƙasa, mai yawan shuɗi. Kana da ita ko ba ka da ita?"

Ya sosa ƙeya. Akwai guda a mota, ya ce, amma ba a cika saye ba, ba ta kyau a hoto. Ya tafi ya daɗe, har Auta ta fara zargin ya gudu. Da ya dawo, wata 'yar dunƙulalliya ce kamar gwangwani, da gilashi mai kauri a bakinta. Aka rataya ta daidai kan Faranti. Haske shuɗi ya sauka kamar sanda.

"Ɗari da casa'in," in ji Yaya, ba tare da an tambaye shi ba.

Sai ga Babbar Nas a bakin ƙofa, hannu a ƙugu. "Wa ya mayar mini da majinyata shuɗaye? Ina duba jijiya ina duba launin jini a bututu. Da wannan hasken kowa ya zama kamar gawa. A kashe."

Yaya ya ajiye na'urar, fuskarsa ta saki kamar wanda aka kawo wa ɗauki. "Kin ji ko? Asibiti muke da shi, ba gidan kallo ba. Kuma lamba lamba ce, Auta. Ni abin da idona ya gani shekara shida na sani." Ya juya. "Kawu, kai ka fi kowa sanin tankin nan. Faɗa mata. Da fararen nan murjani yana rayuwa ko ba ya rayuwa?"

Famfuna suka ci gaba da gurnani. Maganar tana bakin Auta, har ta buɗe leɓe, sai ta cije. Daga kan tsani take kallon tsakiyar kan Kawu, inda gashi ya ƙare. Ya ɗaga hannun hagu ya dafa kafaɗar dama.

"Ba ya rayuwa," ya ce. "Ni nake raya shi."

Ya matsa gefe ya buɗe ƙofar kabad. Bai yi dogon bayani ba, layi uku ya nuna, ya faɗi abin da yake yi duk Lahadi, ya faɗi wanda ya gagare shi ɗagawa. Yaya ya karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, leɓensa yana motsi.

"Shekara shida? Haba Kawu! Me ya hana ka faɗa mini?"

"Na faɗa."

"Yaushe? Sau nawa?"

"Sau ɗaya."

"Sau ɗaya ya faɗa, sau ɗaya ka ƙi ji," in ji Auta, "sai kowa ya koma ya kwanta. Haka muke yin komai a gidan nan."

"Ke kuma sauko daga nan kafin ki faɗo mana da wa'azi." Yaya ya shafa fuska da tafin hannu. Sannan ya tambayi Babbar Nas, in an yi wa fitilun rumfar katako ta yadda hasken ba zai zubo ɗaki ba, aka kuma bar fararen fitilun silin a kunne, za ta iya aiki? Ta ce sai ta gani. Kawu ya yanko kwali ya kare bakin fitilar ta gefen ɗaki. Ta je ta duba hannun majinyaci biyu ta dawo ta ce da sauƙi, amma in katakon ya bar ko tsaga, ita da kanta za ta zare wayar.

"Guda huɗu," Yaya ya ce wa Mai Fitila. "Irin wannan."

"Kuma kowace za a auna ta a ƙasa kafin ka tafi," in ji Auta. "Ba samfurin kaɗai ba."

"Malama ba ta yarda da mutane."

"Ban ga dalili ba tukuna."

Ranar da aka ɗaura su, ta auna huɗun, ta mayar da ɗaya da ta gaza, aka kawo wata. Kowace tana da abin murɗawa na ƙara haske da ragewa. Auta ta kai hannu za ta murɗa na kan Faranti har ƙarshe. Kawu ya riƙe mata wuyan hannu.

"Kashe shi za ki yi."

"Yunwa yake ji, Kawu. Shekara biyu!"

"Na ce miki ɗaya ya mutu a hannuna. Kin tambaye ni yadda ya mutu? Daga ƙasa na ɗauke shi na kai shi sama kai tsaye, ina ganin gata na yi masa. Kwana huɗu ya koma fari kamar allin nan. Kina ganin don ado na sa layin tsakiya?"

Ta san wannan. Yana cikin littafi, ta ma amsa shi a jarrabawa, zumuɗi ne ya goge mata shi. Kunya ta kama ta, ta janye hannu. Suka fara daga kashi uku cikin goma, kowace Lahadi a ƙara ɗan kaɗan. Awartakin aka rataye shi a ƙusa. Auta ta sa fenti ta ɗiga alama a jikin kowane abin murɗawa, don in wani ya taɓa ta gane. Ba ta faɗi wanda take zargi ba, don ita ma ba ta sani ba.

Mako biyu saɓulewar ta ci gaba. A na uku ta tsaya. Bayan Faranti kam ya riga ya tafi, kusan rabinsa, gansakuka ta fara hawa ƙashin. A mako na biyar, da safe, ta ga wani farin layi siriri ya zagaye bakinsa na gaba.

Da gudu ta shiga ɗakin baya. Ɗigon fenti yana inda ta bar shi. Ta auna ƙasa, ɗari da ashirin, daidai da jiya. Ta kira Kawu a waya, ta ce ya zo, sun ƙone shi.

Ya zo ya durƙusa a gaban gilashin, ya kare idonsa da tafin hannu. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ba farin mutuwa ba ne. Na mutuwa daga tsakiya yake farawa, inda haske ya fi duka. Wannan sabon ƙashi ne, nama bai gama rufe shi ba. Girma yake yi."

"Ka tabbata, ko kwantar mini da hankali kake yi?"

"Na daina rufa wa kowa asiri, Auta."

Ba ta yarda ba. Ta yanko siririn salatif ta manna a jikin gilashi daidai bakin farin layin, ta zana wa ƙafafunta wuri a tayil da alƙalami, don ta riƙa kallo daga wuri ɗaya. Kullum sai ta tsaya a kan zanen, ta rufe ido ɗaya. Majinyata suka saba da ganinta haka, har wata tsohuwa ta tambayi nas ko yarinyar nan lafiya.

Rana ta goma, bakin Faranti ya leƙo ta ɗaya gefen salatif ɗin, da abin da bai fi ƙwayar shinkafa ba. Bayan farin kuma, inda ya yi launin shayi, wani ɗan ja-ja ya fara tasowa.

Ta tsaya a wurin har idon da ta rufe ya gaji. Ta ji kamar ta ƙwala wa Kawu kira, ta ji kamar ta je ta finciko Yaya daga ofis. Sai ta tuna ƙafarta ta dama ta ɗan zame daga zanen. Ta gyara tsayuwa, ta sake dubawa. Yana nan.

Ta ɓare salatif ɗin ta matsar da shi gaba, daidai sabon bakin. Za ta faɗa musu, amma sai ya tsallake wannan ma.